Sukuwar tawaga: Yadda masu dawaki a Jega, Aliero da Maiyama za su iya fara wasan da ba a cinsa da gudun mutum ɗaya

A garuruwan masarautar Gwandu, daga Jega zuwa Maiyama har Jiga Birni da ke ƙaramar hukumar Aliero, doki ba baƙon kowa ba ne. Ana hawansa ranar sallah, da ranar naɗin sarauta, da rakiyar ango. Abin da yake ƙaranci shi ne filin da matashi zai gwada gwanintarsa a sauran ranakun shekara.

Saboda haka da yawa kan fito kilisa a kan kwalta. A wannan yanki kuwa kwaltar ita ce babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega ta nufi Yawuri, wadda tireloli ba sa yankewa a kanta dare da rana. A Kano har ta kai rundunar 'yan sanda ta sha sanar da hana kilisa a titunan birni saboda haɗurra.

Akwai wani wasan dawaki a Ingila da tsarinsa zai iya zama mafita, domin ba ya buƙatar titi ko babban filin wasa, kuma yana tilasta wa mahaya su kula da juna.

Yadda wasan yake

An fara shi a 1974 a filin dawaki na Hickstead da ke kudancin Ingila, kuma mai filin, Douglas Bunn, shi ne ya ƙirƙiro shi. A Hausa ana iya kiransa sukuwar tawaga.

Mahaya huɗu ne ke tashi tare, su bi hanyar da aka shata a cikin saura mai tsawon kamar kilomita 3, suna tsallake shinge da gungumen itace da rami, wajen guda 25. Tawaga ɗaya ke shiga a lokaci guda, ana auna ta da agogo.

Abin da ya bambanta shi da sukuwar da aka saba shi ne lokacin da ake rubutawa: na mahayi na uku da ya iso. Idan gwanin tawaga ya tsere ya bar 'yan uwansa, gudunsa ya tashi a banza. Idan mutum ɗaya ya faɗi, sauran ukun na iya ƙarasawa; idan biyu suka faɗi, tawagar ta fita.

Akwai aji uku: na 'yan koyo, na tsakiya, da na ƙwararru. A ajin 'yan koyo shingayen gajeru ne, kuma sau da yawa ba wanda ya fi sauri ke ci ba, sai tawagar da lokacinta ya fi kusa da wanda alƙalai suka tsayar.

Wasan bai yi suna a Najeriya ba, amma ruhinsa sananne ne. Duk wanda ya ga jahi ranar hawan sallah, inda mahaya ke sheƙowa a jere su yi zamiya tare a gaban sarki, ya san cewa wanda ya wuce layi ya ɓata wa kowa. Karɓar wasan dawaki daga waje ma ba sabon abu ba ne: a shekarun 1920 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi folo, ga shi yau ana buga shi a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya kamar na gado.

Dokin da ya dace

Mai farawa ba ya buƙatar dokin Ajantina irin na 'yan folo. Ɗan Arewa, wanda aka fi samu a wannan yanki, yana da juriyar zafi da ƙofato mai ƙarfi, kuma zai iya tsallake shinge mai tsayin gwiwa idan an koya masa.

Hali ya fi tsayi muhimmanci. Ingarman da ke cizo ko harbi idan wani doki ya matso shi bai dace da wasan da ake gudu kafaɗa da kafaɗa ba. Dukushi ma a bar shi, domin gaɓoɓin doki ba sa gama ƙwari kafin shekara 4 zuwa 5, kuma tsalle da wuri kan bar masa ɗingishi na dindindin.

Wanda zai saya a kasuwa irin ta Illela ko Maigatari ya tafi da wanda ya san haƙori da ƙafa, ya sa a yi sassarfa da dokin a kan ƙasa mai tauri ya gani da idonsa.

Kayan hawan sallah ba na tsalle ba ne

Nan ne aka fi samun kuskure. Sirdin gargajiya yana da kwacciya mai tsayi, wadda kan doki mahayi a ciki lokacin da doki ya dira. Likkafa mai faɗi tana iya riƙe ƙafa idan mutum ya faɗi, doki ya ja shi a ƙasa. Linzamin gargajiya mai zobe an yi shi ne don zamiya, kuma idan aka fizge shi doki yana sama, zai ji masa ciwo a baki har ya tsani shinge.

Abin da ake buƙata shi ne sirdi mara kwacciya irin na 'yan folo, linzami mai sauƙi, majayi mai ƙwari, da takalmi mai dunduniya. A Ingila ba a barin kowa ya shiga ba tare da hular kwano ta hawan doki da rigar kare ƙirji ba.

An san Aliero a duk Arewa da masu ɗorin karaya, amma buguwar kai ko ta ƙashin baya ba aikin ɗori ba ce. Wanda ya faɗi ya suma, ko ya kasa motsa ƙafa, kada a ɗaga shi da gaggawa. Asibiti za a kai shi, a kwance a kan abu mai tauri.

Fili da lokaci

Bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gonakin tudu kan zama fayau, iska kuma da sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kebbi, lokacin da sukuwa mai tsawo ke iya kayar da doki.

A nemi izinin mai gona da na mai gari tun farko, a kuma nisanci fadama, domin a rani ne manoman albasa ke tsakiyar aikinsu. Kafin a hau, a taka hanyar da ƙafa: a cire tushiyar karan dawa da ke huda ƙofato, a cike ramukan gafiya, a sa alama a kan tsofaffin rijiyoyin lambu.

Shingen farko bai wuce damin kara ko buhunan ƙaiƙayi ba, abin da zai tarwatse idan doki ya buge shi. Ba a amfani da waya ko bulo.

Horo da kiwo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da ya shafe watanni a turke yana buƙatar mako 6 zuwa 8 na tafiya da sassarfa kafin a nemi ya yi sukuwar kilomita 3. Daga nan a fara da sanda a ƙasa, sai shinge ɗaya, sai mahaya biyu, kafin a haɗa huɗu.

A cikin tawaga, dokin da ba ya tsoron shinge shi ke gaba, na koyo a tsakiya, mahayi mai natsuwa a baya. A bar tazarar tsawon doki uku ko huɗu, don kada na baya ya taka wanda ya faɗi.

Harawa da ciyawa su ne tushen abincinsa, dawa da dusa ƙari ne. Yakan sha lita 25 zuwa 50 na ruwa a rana, fiye da haka da zafi. Ba a sukuwa da doki daga gama cin hatsi.

Taron dawaki kuma hanyar yaɗa cuta ce. A ƙarshen 2018 murar dawaki ta ɓulla a jihar Sakkwato, ta kashe jakuna da yawa. Doki mai tari ko majina ya zauna a barga. A tuntuɓi likitan dabbobi kan allurar tetanus da maganin tsutsa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Kuɗi ba ƙaramin cikas ba ne, amma tsarin mutum huɗu yana rage nauyi: ana iya haɗa hannu a sayi harawa da kaka tana araha, a raba kuɗin likita, a yi aron sirdi. Tawaga biyu, agogon waya, da dattijon da kowa ya yarda da hukuncinsa sun isa a yi gasar farko. Masu son yin ta a hunturun bana, tun kafin a yanke dawa ya kamata su fara fitar da dawakinsu da sassafe.