Ƙofar Da HIV Ke Bi, Da Ciwukan Da Ba Mu Aunawa

Tun watan Yulin 2024, lokacin da aka sanar a babban taron duniya kan cutar ƙanjamau a birnin Munik na Jamus cewa wani Bajamushe ya rabu da ƙwayar HIV bayan dashen ɓargo, labarin bai daina yawo a wayoyin jama'a ba. Jifa-jifa sai wani ya tono shi, ya ɗora masa kanun "an samu maganin ƙanjamau". Labarin gaskiya ne, fassarar da ake yi masa ce ta karkace. Kuma karkatar tana da haɗari, domin tana kawar da hankali daga abin da ke damun masu shan magani shekara da shekaru.

Ƙwayar HIV ba ta afka wa ƙwayar halittar mutum haka kawai. Sai ta kama wani maƙali da ake kira CD4 a jikin sojojin garkuwar jiki, sannan ta nemi ƙofa ta biyu. A 1996 masu bincike suka gano ƙofofin nan guda biyu, CCR5 da CXCR4. Ƙwayar da ke bin ta farko ana ce mata R5, mai bin ta biyu X4, akwai kuma mai bin duka biyun. Kusan duk wanda ya kamu, R5 ce ta fara shigarsa.

Wasu mutane, kimanin ɗaya cikin ɗari na 'yan asalin arewacin Turai, sun gaji wani sauyin halitta daga uwa da uba da ya toshe musu ƙofar CCR5. Ɓargon irin wannan mutum aka dasa wa Timothy Ray Brown a Balin a 2007, kuma don sankarar jini aka yi masa dashen. Ya rayu babu maganin HIV har sankarar ta dawo ta yi ajalinsa a 2020. Waɗanda suka warke ta wannan hanya ana ƙirga su da yatsu, kuma dukansu cutar daji ce ta kai su ga dashen, wanda shi kansa yana kisa. Akwai kuma wanda ba a cika ba da labarinsa ba: majiyyacin birnin Essen, da aka yi masa irin wannan dashe, amma ƙwayar X4 da ke laɓe a jikinsa ta bi ɗaya ƙofar ta dawo. Wannan sauyin halitta kuwa da wuya a same shi a Afirka.

Haka zancen yake da maganin maraviroc, wanda Amurka ta amince da shi a 2007. Ƙofar CCR5 kaɗai yake tsarewa, don haka sai an yi gwajin gano ƙofar da ƙwayar mutum ke bi kafin a ba shi. An gina yawancin na'urorin hasashen wannan gwaji ne a kan nau'in HIV na B, wanda ya yi yawa a Turai da Amurka, alhali nau'in G da CRF02_AG ne suka mamaye Najeriya.

To mece ce alaƙar duk wannan da mai karɓar magani a Kano ko Maraɗi? Idan aka bar ƙwayar ta daɗe tana cin karenta babu babbaka, a jikin mutane da yawa X4 kan bayyana, kuma bayyanarta na tafiya da saurin zubewar sojojin garkuwa masu CD4. Wanda garkuwarsa ta faɗi ƙasa warwas kafin ya fara magani, sau da yawa ba ta komawa yadda take, ko da gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa. Sannan ƙwayar na kwanciya a cikin wasu sojojin garkuwa masu dogon rai, wata kuma takan samu mafaka a ƙwaƙwalwa. Jiki ya san da baƙo a gida, sai ya zauna cikin wani ɗan kumburi na ciki da ba ya lafawa. Wannan kumburin, a hankali a hankali, yana cin jijiyoyin jini.

Yadda aka gano haka tarihi ne da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya sani. A farkon shekarun 2000 magungunan suna da tsada da wahalarwa, sai likitoci suka yi tunanin a riƙa ba majiyyaci hutu: ya ajiye magani idan CD4 ta hau, ya koma idan ta sauka. Aka shirya babban gwaji mai suna SMART, da mutum fiye da 5,000 a ƙasashe 33. Ana zaton masu hutun za su tsira daga illar magani ga zuciya da ƙoda da hanta. Sai aka ga akasin haka. Masu hutun suka fi sauran mutuwa da kamuwa da cututtuka, fiye da ninki biyu, kuma ciwon zuciya da ƙoda da hantar da ake gudu ya fi yawa a cikinsu. A Janairun 2006 aka dakatar da tsarin hutun. Ashe laifin da aka daɗe ana ɗora wa magani kaɗai, kaso mai tsoka na ƙwayar ce. Gwajin START na 2015 ya ƙara tabbatar da cewa fara magani da wuri ya fi jira. A 2023 kuma gwajin REPRIEVE, da mutum fiye da 7,700 masu shekara 40 zuwa 75, ya nuna cewa maganin rage kitsen jini mai suna pitavastatin ya rage manyan matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Wannan labari bai yi yawo a wayoyinmu ba, kuma shi ne ya fi shafar mu.

Mu a Afirka ta Yamma muna da ƙarin dalilin damuwa da ƙoda. Akwai wani gado a jininmu, sauyi a ƙwayar halittar APOL1, wanda ya yi yawa a wannan yanki, musamman kudancin Najeriya, kuma yana ninka haɗarin lalacewar ƙoda ga mai HIV. Ƙwayar maganin da yawancin mutane ke sha kullum, TLD, magani ce mai kyau ƙwarai da ta ceci rayuka, kuma babu mai hankalin da zai ce a ajiye ta. Amma sinadarin tenofovir da ke cikinta na iya taɓa ƙoda da ƙarfin ƙashi a wasu mutane, dolutegravir da ke cikinta kuma an ga tana tafiya da ƙarin ƙiba a gwajin NAMSAL na Yawunde da ADVANCE na Johannesbag. Ƙara da magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis babu ƙa'ida, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa, kuma kowa ya san abin da wankin ƙoda ke yi wa dukiyar iyali.

Mata kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ɗauke da HIV ta fi sauran mata haɗarin sankarar bakin mahaifa har ninki shida. Mata nawa ne ke zuwa karɓar magani shekara goma ba a taɓa duba su ba?

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a Najeriya. Wanda ya fara magani yana ɗan shekara talatin a 2004, lokacin da tallafin PEPFAR na Amurka ya iso, yau ya haura hamsin. An gina asibitocin masu HIV ne don a hana mutum mutuwa da ƙanjamau, sun kuma yi aikin. Sai dai masu ba da tallafi adadin ƙwayar cuta a jini suke tambaya, mu ma shi muka koyi ƙirgawa. A wurare da dama mutum na karɓar maganin wata uku ko shida kyauta, amma gwajin ƙoda ko na suga sai ya biya daga aljihunsa, maganin hawan jini kuma ya nema a wani layin. Dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya nuna mana cewa ko wannan kyautar ba ta da tabbas.

Ba gwajin R5 da X4 nake roƙa wa asibitocinmu ba. Yawancin majiyyata ba sa buƙatarsa. Abin da nake nema daga hukumar yaƙi da ƙanjamau ta NACA da kwamishinonin lafiya na jihohi ya fi wannan araha nesa ba kusa ba: na'urar awon hawan jini mai aiki a kowane teburin ba da magani, gwajin ƙoda da na suga aƙalla sau ɗaya a shekara a cikin inshorar lafiya ta jiha, da duba bakin mahaifa a ranar da mace ta zo karɓar maganinta, don kada ta sake biyan kuɗin mota. Shi kuma mai shan magani, idan an ce masa ba a ga ƙwayar a jininsa ba, ya yi hamdala, sannan kafin ya tashi ya tambayi likita yaushe rabon da a duba masa ƙoda.