Saitin ƙafar mota

Saitin ƙafar mota shi ne daidaita tsayuwar tayoyin mota da sassan da ke riƙe da su, domin motar ta tafi sak, ta sha kwana yadda direba yake so, taya kuma ta ci daidai. A garejojin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Hausa, kanikawa suna kiran duk abin da ke tsakanin jikin mota da taya "ƙafa", aikin daidaita tayoyin kuma "alaimen". Masu tsere suna yi wa motar gida irin wannan saiti kafin su shiga fili da ita, sai dai abin da suke nema ya saɓa wa abin da direban haya yake nema a kan hanya.

Sassan ƙafa

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Shokabzoba kuwa aikinta ta kashe lilon sifirin bayan mota ta faɗa rami, don haka idan ta mutu motar takan yi ta tsalle, taya tana rabuwa da ƙasa. Tayarod ne ke kai juyin sitiyari zuwa taya, bolojoyin yana barin ƙafa ta juya ta kuma yi sama da ƙasa, bushin na roba kuma yana hana ƙarfe gugar ƙarfe. Akwai kuma sandar ƙarfe da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu don rage karkatar mota a kwana. Kusan duk sunayen nan aro ne daga Turanci, an saka musu wasula a tsakanin baƙaƙe don su dace da bakin Bahaushe. Kalmar "ƙafa" ce kawai ta gida.

Yawancin ƙananan motocin da ke yankin suna da ƙafar gaba irin ta MacPherson, inda sifirin da shokabzoba suke haɗe a sanda ɗaya. Sunan na injiniya Earle MacPherson ne, ɗan Amurka, kuma kamfanin Ford ya fito da tsarin a motarsa Consul a shekarar 1950. Golf 3 da ake haya da ita da Peugeot 504 duk irin wannan ƙafar gaba gare su.

Kusurwoyi uku

Kamba ita ce karkatar taya idan aka tsaya a gaban mota aka dube ta. Idan saman tayar ya kwanta ciki, wajen jikin mota, ana lissafa ta ƙasa da sifili. Motar gida takan fito daga kamfani da kamba tsakanin sifili da digiri 1 zuwa ciki. Kasta ita ce kwanciyar layin da taya ke juyawa a kansa idan aka duba daga gefe, kuma ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. A motoci da yawa ba a iya saita ta sai an sauya wani sashe.

Ta uku ita ce to, wato ko bakin tayoyin biyu ya matso da juna ko ya buɗe. Ita ce mafi ƙanƙanta a ido kuma mafi saurin cin taya. Tayar da ta kauce da digiri 1 ana jan ta gefe kusan mita 17 a kowace kilomita. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi kimanin kilomita 60 ne, ke nan a tafiya ɗaya kamar an ja tayar a kaikaice kilomita guda a kan kwalta. Direban da ke zuwa da dawowa kullum ba ya daɗewa bai ga waya ta leƙo a gefen sabuwar taya ba.

Saitin filin tsere

A fili, mota tana shafe yawancin lokacinta tana shan kwana da gudu. Nauyi yakan koma kan tayoyin waje, jikin mota ya karkata, tayar ta kwanta a kan gefenta na waje. Shi ya sa masu tsere suke ƙara kamba zuwa ciki, sau da yawa digiri 2 zuwa 3, don a tsakiyar kwana tayar ta zauna da dukan faɗinta. Wasu kan ɗan buɗe to ta gaba don mota ta amsa sitiyari da sauri. Ana sauke mota ƙasa, a sa sifirin mai tauri da shokabzobar da ta dace da shi. Tauri kaɗai ba ya ƙara riƙo. Idan gaba ya fi baya tauri da yawa, motar takan ƙi shan kwana ta zarce. Idan baya ne ya fi, bayan ne ke wulgawa.

Bayan an zagaya fili, akan auna zafin taya a gefen ciki da tsakiya da gefen waje. Idan gefen waje ya fi zafi, kamba ba ta isa ba. Idan tsakiya ne, iska ta yi yawa. Iska a kan mota mai sanyi ake fara aunawa, domin tana ƙaruwa idan taya ta ɗauki zafi.

A kan hanyoyin Dutsin-Ma da Kurfi

Babu filin tseren mota a garuruwan biyu. Abin da ake da shi shi ne kwaltar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma ta wuce wajen Kankara, da hanyoyin burji masu shiga ƙauyuka. Zirga-zirga ta ƙaru tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ban da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da 'yan kasuwa. Motar haya a nan tana ɗaukar fasinja da buhuna fiye da abin da kamfani ya tsara, ga ramukan da damina ke buɗewa.

Saitin fili bai dace da wannan ba. Motar da aka sauke ƙasa takan buga cikinta a tudun rage gudu ko bakin kwalbati, sifirin mai tauri kuma yana sa taya ta yi tsalle a kan burji maimakon ta bi ƙasa. Kamba mai yawa tana cinye gefen ciki na taya a miƙaƙƙiyar hanya, inda direba ba ya saurin gani, tana kuma rage ƙarfin birki. Idan ana neman misali daga tsere, na daji ne ya fi kusa. Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, ta ci tseren Safari na Kenya a wannan shekarar, kuma abin da ya sa ta shahara a Afirka shi ne ƙafa mai tsawo da taushi da ke shanye rami.

Matasa masu wasan mota a bikin aure ko bayan kammala karatu sukan kwaikwayi abin da suke gani a bidiyo, da motar gida, a kan titin da mutane ke bi. Masu yin haka a ƙasashen waje suna yi ne a fili rufaffe, da hular kwano da ƙarafan kariya a cikin mota. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar wasan a kan titi a matsayin tuƙin ganganci.

Yadda ake aikin

Alaimen shi ne aiki na ƙarshe. Ana fara duba iskar taya da lafiyar rim, sannan a ɗaga mota a girgiza ƙafa a ji ko tayarod ko bolojoyin ko bushin sun yi sako-sako. Saitin da aka yi a kan bushin da ya mutu ba ya wuce ramin farko. Duk abin da ya sauya tsayin mota, kamar sabon sifirin ko ƙarin robar da direbobin haya ke cusawa a baya don ɗaukar lodi, yana sauya kusurwoyin gaba, sai an sake saiti. A Golf 3 ƙafar baya sanda ɗaya ce da ta haɗa tayoyin biyu, ba ta da wurin saiti. Idan ta lanƙwashe saboda lodi, sauya ta ake yi.

Manyan wuraren gyara a birane suna amfani da na'ura mai kwamfuta. A ƙananan garejoji akan yi da zare da tef: a ja zare a gefen mota, a auna tazararsa da gaban rim da bayansa, a juya tayarod har ya daidaita. Masu tsere ma suna amfani da zare a gefen fili. Sharaɗinsa ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, sitiyari yana tsakiya, kuma motar tana tsaye a kan tayoyinta, ba a kan jak ba.