Gas ɗin AC ba ya ƙarewa, zurarewa yake yi

'Yan uwa manoma da masu kiwo, musamman ƙungiyoyin da ke da motar haɗin gwiwa a nan Ungogo, daga Panisau zuwa Rijiyar Zaki da Bachirawa: kafin bazara ta kankama, a duba AC ɗin motar da ake ɗauko 'yan tsaki da ita. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Su kansu tsakin jikinsu na fitar da zafi a cikin kwali, don haka idan sanyi ya ɗauke a hanya, jarin mutum goma na iya salwanta kafin a iso gida.

Da yawa muna ɗauka gas ɗin AC kamar fetur ne, yana ƙonewa ya ƙare. Ba haka ba ne. Zagayawa yake yi a rufe tsakanin kwamfiresa da bututai. In ka ga duk bayan wata biyu sai an ƙara maka gas, to akwai inda yake fita, ɗibar ruwa da kwando kake yi.

A tsohuwar mota, sau da yawa laifin tiyo ne. Robarsa takan bushe ta tsattsage saboda zafin inji da girgizar hanyoyinmu na ƙauye, musamman wajen da aka matse roba da ƙarfe. Haka ma ƙananan zobban roba da ke mahaɗar bututai.

Akwai wani dalili kuma. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 da gas mai suna R12 suka zo. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa domin yana lalata rigar da ke kare duniya daga kaifin hasken rana, aka koma R134a. Shi wannan ya fi saurin ratsa tsohon tiyon da ba shi da shimfiɗar nailan a ciki, kuma man da yake tafiya da shi daban ne da na R12.

Yadda za ka gane da kanka: kashe mota, ka buɗe gaba, ka bi tiyon da ido. Duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura ya yi baƙi, nan ne abin zargi, domin gas da mai tare suke fita. Shafa ruwan sabulu a wurin. In ya riƙa tayar da kumfa, ka kama ɓarawo.

Kada ka ci gaba da kunna AC haka nan. Man nan shi ke shafe kwamfiresa, in ya yi ƙasa sai ta ƙone, kuɗinta kuwa ya ninka na tiyo nesa ba kusa ba.

Wajen gyara, ka ce wa mai AC ya canza tiyon da zobban, ya sa sabuwar diraya, ya zuƙe iska da danshi da inji kafin ya ɗura gas. In za ka sayo tiyo a Ƙofar Ruwa, tafi da tsohon a gwada. Kuma ka ga gwangwanin da idonka. Kada a zuba maka R600a na firij don ya fi sauƙin kuɗi, yana kamawa da wuta. Araha ba ta ado.

Ko da hunturu, a riƙa kunna AC kamar minti 10 duk mako don kada robobin su bushe. Sakataren ƙungiya kuma ya riƙa rubuta ranar da aka ɗura gas.

Abu na ƙarshe: sanyin mota bai isa rigakafin kaji ba. Shi digiri 2 zuwa 8 yake so, sai a kula da ƙanƙara.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.