Agogon Da Ke Sauraron Rediyo

Daga cikin abubuwan hikima da masana suka ƙago akwai agogon bango mai hannu wanda ba ya bukatar mai saita shi, domin an ɓoye masa 'yar eriya a ciki, wadda ke sauraron wata tashar rediyo da babban aikinta dare da rana shi ne sanar da lokaci. Ta Jamus, mai suna DCF77, tana Mainflingen kusa da Frankfurt, kuma hukumar awo ta PTB ke tabbatar da sahihancin lokacinta da agogon atam. Ta Ingila tana Anthorn, inda aka mayar da ita daga Rugby a 2007, ta Amurka kuwa tana kusa da Fort Collins.

Wanda bai san ɗabi'ar wannan agogo ba, da zarar ya sa masa batir ya ga hannayen sun zabura da gudu sun tsaya cik, galibi a kan sha biyu, sai ya yanke hukuncin cewa ya lalace, alhali kuwa sauraro yake yi, domin tashar tana cin minti guda cur kafin ta gama isar da saƙonta, kuma ƙaramin cikas ya isa ya sa agogon ya koma farko. Maganin, a ganina, haƙuri ne kafin komai: a sa sabon batir, a nisanta shi da talabijin da kwamfuta, a ajiye shi bakin taga ya kwana, tun da yake da dare saƙon ya fi tafiya nesa, hayaniyar na'urori kuma ta lafa. Kada a tura hannayen da yatsa, gama yin haka na iya ɓata lissafin da agogon ke riƙe da shi na inda suke.

Amma wanda ya sayi irinsa a kayan gwanjo a Kano ko Damagaram, ya sani tashar Jamus iyakarta kimanin kilomita 2,000 ne, mu kuwa mun ninka wannan nisa, saboda haka jira ba zai amfane shi ba. Sai ya nemi maɓallin saiti a bayan agogon, ya danne shi har hannayen su kai lokacin garinsa, daga nan ya ci gaba da tafiya kamar sauran agoguna.