Me ya sa ake killace sababbin 'ya'yan kifi?

Masu kiwon tarwaɗa a Gwandu da Kalgo cikin jihar Kebbi kan sayo 'ya'yan kifi daga wasu garuruwa, kuma ta nan cuta kan shigo ta cinye jarin manomi.

Wahalar tafiya na raunana kifi, ko da ana ganinsa lafiya ƙalau. Shi ya sa masana ke cewa a killace sababbin a mazubi daban na mako 2 zuwa 4, da komarsu da bokitinsu.

Idan fararen ɗige-ɗige suka fito musu, ko suna goga jiki a bango, ko suka ƙi cin abinci, wankan ruwan gishiri kan taimaka.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, sai da shawarar likitan dabbobi, domin yawaita shi na sa cutar ta daina jin magani.