Idan Ƙidayar Kwamfuta Ta Kai Maƙura

Duk inda masu rubuta manhaja suka taru ana hira, da wuya a tashi wani bai jefo tsohuwar zolayar nan ba: "Ka gwada kashewa ka kunna?" Ana dariya a wuce, domin kowa ya san ita ce shawarar farko da mai gyaran waya ke bayarwa kafin ya ɗauko sukundireba. Amma a shekarar 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba kamfanonin da ke da jirgin Boeing 787 wannan shawara a rubuce, kuma ba da wasa ba. An gano a ɗakin gwaji cewa idan na'urorin da ke sarrafa janaretocin jirgin suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, za su iya ɗaukewa gaba ɗaya lokaci guda, ko da jirgin yana sama. Kafin a kammala gyaran manhajar, maganin shi ne a riƙa kashe wutar jirgin lokaci zuwa lokaci.

Me ya sa kwana 248? Amsar tana cikin yadda kwamfuta ke ƙirga.

Kwamfuta tana ajiye kowace lamba ne a jerin gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar 0 ko 1 kawai, kuma tun wajen rubuta manhaja ake yanke yawan guraben. Idan 16 ne, aka ware ɗaya domin nuna ko lambar tana ƙasa da sifili, ƙidaya ba ta wuce 32,767. Idan 32 ne, iyakarta 2,147,483,647. Wanda ya taɓa ganin mitar tsohon babur ta kai 99999 sannan ta juya ta koma 00000 ya riga ya fahimci abin da ke biyo baya: babur bai zama sabo ba, wurin rubutu ne ya ƙare. Masana da suka duba batun Boeing sun lura cewa idan na'ura tana ƙirga sau ɗari a kowace daƙiƙa, za ta cika waccan lamba ta biliyan biyu da ɗoriya a cikin kimanin kwana 248 da rabi. Kashewa da kunnawa yana mayar da ƙidayar sifili ne kawai.

Wani lokaci abin yakan tsaya a raha. A watan Disamba na 2014 YouTube ya sanar cewa yawan kallon bidiyon Gangnam Style, na mawaƙin Koriya ta Kudu Psy, ya zarce waccan iyaka ta gurabe 32, har sai da aka faɗaɗa ma'aunin zuwa gurabe 64.

Ba a yi dariya ba a Kourou, a yankin Guiana na Faransa, ranar 4 ga Yuni 1996. A ranar ce Turai ta harba sabuwar rokarta, Ariane 5, karo na farko, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya. Cikin kimanin daƙiƙa 40 rokar ta karkace, ta tarwatse a sama. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya bi sawun abin daki-daki, har da bayanan da aka ciro daga tarkacen da ya zube a fadama. An ɗauko manhajar na'urar da ke gaya wa roka inda ta dosa ne daga Ariane 4, wadda ta yi shekaru tana aiki lafiya. Sai dai sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin tafiya ta gefe, don haka wata lamba mai gurabe 64 da ake dannawa cikin gurabe 16 ta ƙi shiga. Na'urar ta tsaya. Akwai ta biyu da aka tanada domin irin wannan rana, amma manhajarsu ɗaya, saboda haka ita ma ta riga ta tsaya a kan matsalar. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi saƙon kuskure, ta ɗauka bayanin hanya ne, ta murɗa injina iya murɗawa. Abin takaicin shi ne, sashen manhajar da ya jawo wannan asara ba shi da wani aiki a Ariane 5 bayan ta bar ƙasa. An bar shi ne kawai saboda bai taɓa ba da matsala ba.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan ciwo, wanda ya fi shi iya ɓuya. Duk wanda ya buɗe harshen rubuta manhaja na Python ya rubuta 0.1 + 0.2 zai ga 0.30000000000000004, kuma sababbin ɗalibai kan rantse cewa kwamfutarsu ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan an rubuta shi 0.3333, haka kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a lissafin 0 da 1, dole a datse shi a wani wuri. Shi ya sa ƙwararru a manhajar kuɗi sukan ƙirga kobo ɗai-ɗai a cikakkiyar lamba, su guje wa ɗigo.

Ɗan abin da ake datsewa ya taɓa cin rayuka. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami samfurin Scud, ya faɗa kan masaukin sojoji ya kashe Amurkawa 28. Agogon na'urar yana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma ta yi kimanin sa'a 100 a kunne. Ƙananan kurakuran sun taru sun kai kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya ishi Scud ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda take zaton makamin yake, ba ta ga komai ba, ta yi shiru. Gyararriyar manhajar ta isa Dhahran washegari.

Farautar irin waɗannan kurakurai ita ce ke cinye yawancin lokacin mai rubuta manhaja, kuma ba ta da ƙayatarwa. Sai ya fara da sa matsalar ta maimaita kanta a gabansa, domin abin da ba ya dawowa ba ya kamuwa. Daga nan ya riƙa buga lambobi a allo mataki-mataki, yana raba manhajar gida biyu, yana tambayar a wane ɓangare lissafi ya fara kaucewa. Wasu har 'yar agwagwar roba suke ajiyewa a tebur suna yi mata bayanin aikinsu layi bayan layi, dabarar da littafin The Pragmatic Programmer na 1999 ya yaɗa. Sau da yawa mutum yana tsakiyar bayani yake jin inda ya yi tuntuɓe. Wahalar kuskuren ƙidaya ita ce gwajin yini ɗaya ba ya tono shi. Sai mai gwaji ya tura agogo gaba da gangan, ko ya cusa lambar da ta fi kowace girma, ya ga abin da zai fashe. Kwamitin Lions ya nuna cewa ba a gwada waccan na'urar rokar da bayanan hanyar da Ariane 5 za ta bi ba.

Wata iyakar tana tafe, kuma an san ranarta. Tsarin tafiyar da kwamfuta na Unix da dangoginsa suna ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970. Inda aka ajiye ƙidayar a gurabe 32, za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar, sannan kwanan wata ya koma Disamba 1901. Yawancin sababbin wayoyi da kwamfutoci sun riga sun koma gurabe 64. Aikin da ya rage yana kan ƙananan na'urorin da aka dasa a masana'antu da motoci da kayan sadarwa, waɗanda akan bari su yi shekara ashirin suna aiki ba wanda ya taɓa manhajarsu.