Wuƙar da mutanen daji suke fata a Kasuwar Daji

Mai son wuƙa ba ya ɓoyuwa a kasuwa. Kowa zai ɗauka ya tambayi kuɗi, shi kuwa sai ya juya ta ya dubi bayanta ko ya miƙe, ya shafa bakinta da babban yatsa a gicciye, ya ƙyasta ta da farce ya kai kunne ya ji ƙararta. Irin waɗannan mutane suna da yawa a Kasuwar Daji, kan hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda, haka ma a kasuwar Shinkafi da ta Zurmi: mafarauta, makiyaya, mahauta, masu cirar zuma. Ni ma a gidan farauta na tashi, kuma tun ina yaro nake jin manya suna faɗin irin wuƙar da suke so a ƙera musu. Har yau ba su same ta ba, alhali abin da suke nema bai fi ƙarfin maƙeranmu ba.

Na farko kaifi ne mai daɗewa. Kawuna yakan ce in wuƙa ba za ta feɗe rago guda ba sai an koma kan dutse, to ta yanka albasa ce. Sirrin yana cikin ƙarfen da kuma yadda aka sarrafa shi a wuta. Da can tama ake narkarwa, yanzu kuwa maƙerin da ya san hannunsa sifirin tsohuwar mota yake nema, saboda ƙarfe ne mai ɗaukar tauri. Zai sa shi cikin gawayin ƙirya, yaro na bin zugazugi, ya damƙo shi da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera ya yi ta duka har siffa ta fito. Daga nan ne aikin yake. Sai a sake gasa bakin wuƙar har ya yi ja, a tsoma shi nan take cikin ruwa ko baƙin mai, sannan a ɗan mayar da shi wuta kaɗan don kada taurin ya yi yawa ya riƙa ɓantarewa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mutane da yawa suke tsallakewa. Wasu ma rodin gini suke bugawa don ya fi arha, kuma mai saye ba zai gane ba sai ya je daji.

A gefe guda ga fararen wuƙaƙe na kamfani da ake shimfiɗawa a tabarma suna ƙyalli. Ƙarfen da ba ya tsatsa da ake yin su da shi wani Bature ne mai suna Harry Brearley ya gano shi a birnin Sheffield na Ingila a 1913, kuma abin da ke hana shi tsatsa sinadarin kuromiyam ne da ya haura kashi 10 cikin 100. Akwai masu kyau ƙwarai a duniya, amma masu arhar da ke isowa gare mu laushi ne da su, ka wasa da safe kafin azahar sun dakushe. Ni dai na zaɓi baƙar wuƙar maƙera. Tsatsa ɗan man gyaɗa a tsumma yana maganinta, laushin ƙarfe kuwa ba shi da magani.

Sai maganar ƙota, wadda a kanta na fi jin ƙorafi. Yawanci maƙeri yakan bar wa wuƙa gajeriyar wutsiya, ya gasa ta ya soka cikin itace. Da damina lafiya lau, amma da hunturu ya kama itacen ya bushe ya tsuke, sai ka ji tana girgiɗi a hannu, wata rana ruwan wuƙar ya fita ya bar ka da ƙota. Abin da mutane suke so shi ne ƙarfen ya bi ƙotar har ƙarshe, a haɗa shi da itace biyu a ɗaure da ƙusoshi, kamar yadda ake yi wa addar nan mai tambarin kada da ake kawowa daga Ingila. Kube ma haka. Na baduku, na fatar da aka jeme da bagaruwa aka ɗinke da kyau, yana shekaru a ƙugu. Yau sai ka ga saurayi ya naɗe wuƙarsa da tsohon tiyub na babur.

Samarinmu suna ganin wuƙaƙen waje a waya suna sha'awa, musamman jar nan mai naɗewa ta kamfanin Victorinox na Suwizalan, wanda aka kafa a 1884. Ƙira ce mai kyau, almakashinta da ɗan zartonta suna da amfani, amma ba za ta datse kaba ko ta raba ƙashi ba. An yi ta don wata rayuwa daban.

Kayan daji kuma ba wuƙa kaɗai ba ne. Leta ta kori ƙyastu, jarka ta kori salka, ko da yake ruwan salka ya fi sanyi. Mafarauci yanzu burinsa tocilar goshi mai cajin hasken rana wadda za ta kai asuba, da abin tace ruwa ɗan ƙarami, don da bazara wanda ya yi nisa da gulbin Gagare ko Bunsuru ruwan kududdufi yake sha. In da ni zan ba da shawara, kafin duk waɗannan a sayi dogon takalmin roba. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, a ƙafa ta fi sara, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Don Allah kada a sa wuƙa a tsaga wurin saran, jini zai yi ta zuba. A garzaya asibiti a nemi allurar dafin maciji.

Babu mai yin wannan zance a arewacin Zamfara ya tsallake halin da ake ciki. Dazukan Dumburum da Sububu, inda iyayenmu suke kwana farauta, yau 'yan bindiga ne a ciki. A watan Satumban 2021 an rufe kasuwannin mako-mako a jihar, aka kuma katse layukan waya, maƙera suka rasa inda za su kai haja. Manomi ma da adda a kafaɗa sai ya sha tambaya a shingen hanya. Ciniki ya ragu, 'ya'yan maƙera da dama sun koma acaba ko haƙar zinari, kuma duk tsohon da ya rasu yana tafiya da ilimin wutar da bai samu wanda zai koya wa ba. Wannan yana damuna matuƙa, domin ranar da zaman lafiya ya dawo za a nemi lauje da gatari da wuƙa, a tarar babu mai ƙera nagari.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, da malamai masu sanin ƙarfe. Ina roƙonsu da su kira sarakunan maƙera na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, su zauna tare a kan zaɓen ƙarfe da ba shi tauri da ɗaurin ƙota. Kai kuma mai saye, in ka sami maƙerin da ya yi maka aiki da sifirin na gaske, biya shi kuɗin da ya faɗa, kada ka taya masa farashin rodi.